Garin neman gira: Abin da sauya kujerar mota ya koya mini

Akwai wata tsohuwar Land Cruiser da na gada daga mahaifina, irin samfurin nan na 70 da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984. Ita ce ƙafata a duk lokacin da aiki ya kai ni ƙauyukan arewacin Yobe, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Injinta lafiya lau, amma kujerunta sun gaji. Soso ya zaizaye, ƙarfe ya fito, har ta kai in na dawo daga tafiya sai na kwana biyu ina dafe da ƙugu.

Wani aboki ya ba ni shawarar da ake ba kowa: in je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano in sayi kujerun wata motar Turai da aka farke, a ɗaura mini. Na je, na samu guda biyu na fata, masu taushi kamar katifar amarya. Daga nan na kai motar wurin wani mai walda a unguwarmu. Ramukan kujerar ba su dace da na motar ba, sai ya yanko guntayen ƙarfe ya liƙa, ya huda sababbin ramuka a daɓen motar, ya ɗaure da ƙananan notuna. Kafin la'asar ya gama. Na biya ina murna, ban ko sunkuya na duba ƙarƙashi ba.

Wata huɗu bayan haka, a hanyar Yusufari, ina tare da ɗan ƙanwata. Shanu suka fito daga bayan wani tudu, na taka birki, ƙafar gaba ta faɗa kwazazzabo. Gudunmu bai kai kilomita 40 ba. Sai na ji ƙara, na waiwaya na ga kujerar yaron ta ɗaga ta baya ta tura shi gaba, goshinsa ya daki gilashi. Yana sanye da bel, amma makullin bel ɗin a jikin kujerar yake, don haka ya tafi tare da ita. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kawu, kujerar ce ta cire." An yi masa ɗinki a goshi, Allah Ya taƙaita. Har yau in na ga tabon sai gabana ya faɗi, domin ni na ɗora shi a kan kujerar.

Da na dawo Kano na kai motar wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana gyaran motocin daji. Ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya fito yana girgiza kai. Ya ce, "Malam, wannan ai kujerar falo aka ajiye maka a mota. Kan notin ya ratsa ƙarfen ya fice kamar yadda maɓalli ke fita daga tsohuwar riga." A ranar na fara fahimtar abin da nake son mai karatu ya fahimta tun bai biya kuɗin makaranta irin nawa ba.

Kujerar mota sashe ce na kayan kare rai, daidai da birki. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, wanda ke cikinta tamkar ya faɗo ne daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙera motoci sun tanadi a gwada kujera da maɗaurinta da fizgar da ta ninka nauyinta sau 20. A irin wannan fizga, mutum mai kilo 70 zai ja da ƙarfin kilo 1,400. Ƙananan notuna huɗu da aka soka a falle ɗaya na ƙarfe ba za su riƙe wannan ba.

Shi ya sa wuraren da kamfani ya huda tun asali suka bambanta da sauran daɓen. A ƙarƙashinsu akwai ƙarin ƙarfe mai kauri da aka liƙa domin ya baza nauyin. Aikin kirki shi ne a ƙera firam daga ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a waɗannan ramuka na asali, sannan a ɗora sabuwar kujerar a kansa. Idan ya zama dole a huda sabon rami, a sa faffaɗan faranti na ƙarfe ta ƙasa, kuma a leƙa kafin a huda, domin bututun mai da na birki, wani lokaci har da tanki, ta nan suke bi. Notunan ma suna da daraja: a duba kansu, a nemi mai lamba 8.8 ko 10.9. Wanda ba shi da lamba, a bar shi wa mai haɗa ƙofar gida.

Sai batun bel. Injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro bel mai maɗauri uku da aka fara sawa a motoci a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta amfani da shi a 2003. Jami'in da ke bakin hanya yana ganin bel a ƙirjinka ya ɗaga maka hannu, amma ba ya ganin abin da bel ɗin ke maƙale da shi. A tsofaffin motoci da yawa makullin a daɓe yake. A sababbi kuwa galibi a jikin kujera yake, wato duk nauyin mutum ta cikin kujerar zai bi kafin ya isa jikin mota. Ga shi kuma harshen bel na wata mota kan shiga makullin wata ya yi ƙas kamar ya kama, alhali fizga ɗaya za ta zare shi. Harshe da makulli su zama 'yan gida ɗaya.

Tsayin kujera ma abin aunawa ne. In ta yi sama, kai zai riƙa dukan rufi a kowane gargada, cinya ta matse a ƙarƙashin sitiyari, bel ya zame daga kafaɗa. In ta yi ƙasa, direba ba zai ga ramin da ke gaban hancin motar ba, bel kuma ya hau wuya. Dole tsakiyar kujera ta yi daidai da tsakiyar sitiyari, matashin kai kuma ya kai tsayin ƙeya, don shi ke tare wuya idan aka buge ka ta baya.

Kujerun zamani sukan zo da jakar iska a gefe da na'urar da ke ɗame bel lokacin karo. Dukansu da ɗan abin fashewa suke aiki, kuma wayoyinsu galibi masu kan ruwan ɗorawa ne. Mai gyaran waya da ke jona su da batir yana neman wadda ke motsa kujera, yana iya tayar da jakar a fuskarsa. Idan kuma motarka ce mai jakar iska ka cire kujerarta, fitilar gargaɗi za ta kama. Wasu sukan toshe fitilar su ce sun gyara, alhali cutar tana nan.

Na kuma gane cewa zaɓina tun farko ganin kitse ne na yi wa rogo. Fata a watan Afrilu ƙuna take yi kamar tanda, kujera mai lantarki kuma ƙurar hunturu na shaƙe injinta. Motar daji yadi mai kauri take so da hannun ja na ƙarfe. Da na kai tsofaffin kujeruna wurin mai ɗinkin kujera ya sake musu soso da riga, da na kashe ƙasa da abin da na kashe, maɗaurin kamfani kuma yana nan yadda yake.

Ba ina aibata masu waldarmu ba ne. Da basirarsu motocin da suka haura shekara talatin ke jigilar mutane da marasa lafiya daga Gashuwa har Agadas. Abin da aka nema suke yi, a kan kuɗin da aka ba su, kuma ni araha da sauri na nema. Kira na ga ƙungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha shi ne su sa wannan darasi cikin abin da ake koya wa yara masu koyon sana'a, jami'an duba lafiyar motoci kuma su riƙa jijjiga kujera kamar yadda suke duba taya.

Dattijon nan ya kwana uku yana ƙera mini firam, ya mayar da makullan bel daɓe inda suke tun asali. Da ya gama ya miƙo mini tocila ya ce in shiga in gani da idona. Na shimfiɗa kwali na kwanta, na ƙirga notunan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda aka taɓa sauya wa kujera, ina roƙonsa ya yi haka kafin ya sake ɗaukar iyalinsa. Allah Ya kiyaye mana hanya.