Box Hill: Tudun Allin da Taki Ke Lalatawa

Kimanin kilomita 30 kudu da birnin Landan, a gundumar Surrey kusa da garin Dorking, akwai wani tudu da ake kira Box Hill. Sunan ya samo asali daga itacen bokis da ke tsaye a gangarensa ta wajen kogin Mole. In ka tona ƙasar tudun da tsinke, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da farin dutse mai laushi, wato alli. Fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, teku ne ya rufe wurin. Ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani ya yi ta zuba a gindinsa har ya daskare, daga baya ƙasa ta ɗago shi.

Manomi zai kalli wannan ƙasa ya girgiza kai. Ba ta da zurfi, ba ta da taki, ruwan sama kuma yana sauka allin yake shanye shi. To, a nan sirrin yake. A ƙasa mai taki, manyan ciyayi biyu ko uku ne ke yin tsawo su danne kowa da inuwarsu. A kan alli babu mai samun abin da zai yi wannan ƙarfi, sai ƙananan tsirrai su raba wurin. A fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, akan ƙirga nau'in tsiro har 40. Cikinsu akwai furannin okid, har da wanda furensa ke kama da ƙudan zuma.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda rayukan nan ke rataye da juna. Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi, Adonis, wanda tsutsarsa ganye ɗaya tak take ci, na wani ɗan tsiro dangin wake mai furanni rawaya. Tsutsar na fitar da wani ruwa mai zaƙi, tururuwa su sha, su kuma su yi mata gadi daga maƙiya. Amma tsiron da tsutsar da tururuwar duk suna bukatar gajeriyar ciyawa, yadda rana za ta ɗumama ƙasa. Ciyawa ta ƙara 'yan santimita kaɗan, ƙasa ta yi sanyi, shi ke nan malam-buɗe-littafin ya ɓace.

Wa ke gajarta ciyawar? Bakin dabba. Filin nan ba haka Allah Ya bar shi ba tun fil azal; mutane ne suka sare daji dubban shekaru da suka wuce, tumaki kuma suka hana shi dawowa. Da kiwon tumaki ya ja baya, zomaye suka ci gaba da aikin, sai a 1953 cutar miksomatosis ta shiga Birtaniya ta kusan ƙarar da su. Cikin 'yan shekaru ƙaya da sarƙaƙiya suka mamaye tuddai da yawa. Wasu filayen kuma tarakta ta nome su aka zuba takin zamani, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. An kiyasta cewa Birtaniya ta rasa kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan fili tun daga lokacin.

Box Hill ya tsira daga gine-gine ne saboda a 1914 wani attajiri, Leopold Salomons, ya sayi wani babban ɓangarensa ya damƙa wa ƙungiyar National Trust. Yau doka ta sa shi cikin wuraren da ake karewa saboda muhimmancinsu ga kimiyya. Sai dai karewar ba wai a ja shinge a tafi ba ce. Fili irin wannan, in an bar shi ya huta, daji yake komawa. Shi ya sa ake kai shanu su yi kiwo a gangaren, masu aikin sa kai kuma su sare ƙaya. Ko kashin karnukan masu yawon shan iska matsala ne, don taki ne.

Da aka zo gasar Olamfik ta Landan a 2012, hanyar tseren keke ta bi ta kan tudun, maza suka hau shi sau tara. Kafin ranar sai da aka yi ta ja-in-ja kan yawan 'yan kallo, a ƙarshe aka ƙayyade su da tikiti, aka keɓe musu inda za su tsaya don kada su tattake ciyawar.