WA KE DA KOGI? MAGANAR IZNIN SU A RUWAYEN JIHAR NEJA

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

Duk wanda ya taɓa shiga Minna ta hanyar Bida ya san shataletalen Kpakungu. Nan ne motocin da suka fito daga ƙasar Nufe suke sauke fasinja da kaya, kuma da la'asar ta yi za a ga mata sun jera farantan kifi a gefen titi, wani banda, wani soyayye, wani kuwa ɗanye. Mai saye yakan tsaya ya taya, ya yi ƙorafin tsada, sa'an nan ya biya ya wuce. Da wuya ya tambaya a ruwan wa aka kamo kifin nan, ko kuwa wa ya ba masuncin iznin jefa taru. Alhali kuwa wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka sa kifin kogi yake ƙara tsada yana kuma ƙara ƙanƙancewa, tun daga Kpakungu har zuwa kasuwannin Ikko da Badun da Anaca inda 'yan'uwanmu suke sana'ar banda.

Jihar Neja dai Allah ya hore mata ruwa. Kogin Kwara ya bi ta yammacinta da kudancinta, Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyarta har ya haɗu da Kwara a Muregi, ga kuma Gbako da Mariga da Chanchaga. A kan waɗannan koguna aka gina manyan madatsun lantarki huɗu: Kainji a 1968, Jebba a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a 1990, sai Zungeru wadda aka kammala a 2023. Kowace madatsa ta haifar da tafki, kowane tafki kuma ya jawo masunta daga nesa, tare da gardama a kan wanda yake da ikon ruwan.

Ikon Sarkin Ruwa

Tun kafin zuwan Turawa kogi yana da mai shi. A ƙasar Kabi da Yawuri, inda Sarkawa suka yi suna wajen su, kowane gari na bakin kogi yana da Sarkin Ruwa. Shi ne yake faɗin ranar da za a buɗe tafkin fadama da ranar da za a rufe shi. Baƙon masunci in ya zo da kwalekwalensa, ba ya jiƙa ko ƙugiya ɗaya sai ya je ya yi gaisuwa, an nuna masa inda zai kafa tunga da iyakar inda zai yi su, shi kuma in ya samu ya fitar da rabon mai ruwa. In taru ya sarƙe da taru, ko aka kwance wa wani mamari da dare, a gaban Sarkin Ruwa ake shari'a. In ruwa ya ci mutum, shi da mutanensa ne suke nemo gawa.

A ƙasar Nufe kuwa Kede ne masu kogi. Sarkinsu, watau Kuta, yana zaune a Muregi, yana naɗa wakilai a garuruwan bakin Kwara, suna karɓar haraji suna kuma lura da zirga-zirgar jirage. Wani Bature mai binciken al'adu, S. F. Nadel, wanda ya zauna ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936, ya rubuta cewa mulkin Kede tamkar wata ƙaramar daula ce a bisa ruwa, ko da yake tana ƙarƙashin Etsu Nupe.

Misalin da kowa ya sani shi ne na Argungu. Bikin su na can ya ɗauki siffarsa ta yanzu ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sada zumunci ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba, shi ne ruwan Matan Fada a rufe yake sauran kwanakin shekara. Ranar biki kaɗai ake buɗe shi, kuma da homa da gora ake shiga, na ɗan lokaci kaɗan. Wannan hani shi ne yake ba giwan ruwa damar girma har ya kai nauyin ƙaton mutum. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin Da Ya Faru A Kainji

Madatsar Kainji ita ce ta fara rikita wannan tsari. Da aka toshe kogin a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 130 da 'yan kai, daga madatsar har wajen Yawuri. Tsofaffin iyakokin ruwa da kakanni suka sani, da duwatsu da itatuwan da ake alama da su, duk suka nutse. Ruwan ya zama na gwamnati, watau a idon mutane ya zama ba na kowa ba.

A shekarun farko kifi ya yi ambaliya, musamman falia da karfasa, domin ciyayi da gonakin da ruwa ya rufe sun zama abinci gare su. Ƙididdigar masu bincike ta nuna an kama wajen tan 28,000 a shekara guda a farkon shekarun 1970. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina, tungaye suka cika gaɓa. Kafin 1978 abin da ake kamawa ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Da manyan kifaye suka yi wuya, sai aka koma ga taru mai ƙananan idanu, wasu marasa tsoron Allah kuma suka shiga zuba guba, daga magimfa ta gargajiya har zuwa Gamalin 20, maganin ƙwarin koko, wanda yake kashe uwa da 'ya'ya baki ɗaya, ya kuma cuci mai ci.

Daga baya sai ga dala. Wannan wani dogon taru ne mai idanu kamar na gidan sauro, ana zagaya ruwa da shi a jirgi, sa'an nan ƙarti su ja shi zuwa tudu. Don warangi aka yi shi, watau 'yan ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana, amma ba ya zaɓe: yana kwaso 'ya'yan karfasa da na falia da na giwan ruwa waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Mai dala mai kuɗi ne, yana da inji yana da yara. Mai kalli da mai birgi, waɗanda suke jiran kifi ya girma, su ne suka kwana ciki.

A 1993 aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don gyara harkar su a tafkin, tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa, wadda asalinta ya faro tun 1968. A ƙarshen shekarun 1990 Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin su, aka haramta dala, aka kuma shigo da lasin. Darasin da aka koya shi ne ma'aikacin gwamnati shi kaɗai ba zai iya tsare tafki mai tungaye ɗaruruwa ba. Sai da aka jawo sarakunan Borgu da Yawuri da Kontagora da sarakunan ruwa na ƙauyuka cikin aikin, sa'an nan aka fara ganin masunta suna yankar lasin, dala kuma ta ragu. Bayan Jamusawa sun naɗe kayansu, kuɗin sintiri ya yi ƙaranci, tsaron ya yi sanyi.

Abin Da Doka Ta Ce

A takarda dai ba a rasa doka ba. Dokar Soja mai lamba 108 ta 1992 ta hana su da guba ko nakiya ko wutar lantarki a ruwayen cikin ƙasa, ta hana taru mai idanu ƙasa da milimita 76, watau inci 3, in ban da wanda aka keɓe don irin su warangi, ta kuma ba Kwamishinan jiha ikon rufe wani yanki na ruwa ko hana su a wani lokaci na shekara. Doka mai lamba 101 ta 1993 kuma ta sa duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa kowa damar yin su muddin bai saɓa wata doka ba.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Masuncin da ya sauka wata tunga a bakin Kaduna yau yana iya samun kansa tsakanin masu iko uku. Sarkin Ruwa yana jiran gaisuwarsa bisa al'ada, ma'aikatar jiha tana da lasin ɗinta, ƙaramar hukuma kuma tana da rasit ɗinta a bakin kasuwa. Ya biya dukansu, amma ran da wani mai ƙarfi ya zo ya share ruwan da haramtaccen taru, ko aka saki ruwan madatsa ya tafi da kayan aikinsa, babu takardar da zai ɗaga ya ce wannan yanki haƙƙinsa ne. A yankin Shiroro ma abin ya wuce nan, domin tun wajen 2020 hare-haren 'yan bindiga sun kori mutanen ƙauyuka da dama zuwa Kuta da Gwada da cikin Minna, wasu tungayen sun zama kufai.

Yadda Turawa Suke Yi

A Ingila abin ya sha bamban. Can, in kogi ya wuce inda ruwan teku yake kaiwa, haƙƙin su na mai gonar da ke bakin kogin ne, kuma yana iya sayar da haƙƙin ko ya ba da hayarsa dabam da gonar. Saboda haka masu sha'awar kamun kifi da fatsa suka kafa ƙungiyoyi, watau kulob-kulob, suna tara kuɗi suna karɓar hayar kogi mil bayan mil. Wanda ba ɗan ƙungiya ba, sai ya sayi tikitin yini, in ana sayarwa. Bayan wannan kuma dole ya mallaki lasin fatsa na hukumar kula da muhalli. Kowace shekara daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi domin lokacin ƙwai ne. Ƙungiyoyin suna da 'yan gadi masu duba tikiti, kuma dokar sata ta 1968 ta mai da kama kifi a ruwan wani ba da izni ba laifi.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a wata shari'a. Wata ƙungiya mai suna Pride of Derby ta kai ƙarar wani babban kamfanin sinadarai da hukumar birnin Derby da hukumar lantarki, saboda sun ɓata Kogin Derwent har kifi ya ƙare. Ƙungiyar ta yi nasara a 1952, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin, aka tilasta musu daina zuba ƙazanta. Abin da ya ba ƙungiyar bakin magana a kotu shi ne haƙƙinta a rubuce yake.

Amma fa kada a manta, Bature don nishaɗi yake zuwa bakin kogi, sau da yawa ma in ya kama kifin sai ya auna shi ya mai da shi ruwa. Masuncin Neja kuwa abincin iyalinsa yake nema. In aka kwaikwayi Ingila ido rufe, aka ce kogi na wanda ya iya biyan haya ne, attajirai da masu riƙe da muƙami ne za su kwashe ruwa mai kyau, Basarke da Banufen da suka gaji su tun kaka da kakanni su koma yaran wani a ruwan ubansu. Ko a Ingilar ma akwai kogunan da talaka ba ya iya kusantar gaɓarsu don tsadar tikiti.

Abin da ya fi dacewa da ƙasar nan shi ne a ɗauki rubutun a bar cinikin. A auna kowane yanki na kogi da tafki, a rubuta shi da sunan jama'ar masuntan wurin ƙarƙashin Sarkin Ruwansu, a hana sayar da shi, a yanka kuɗin da baƙo zai biya a liƙa a fili, a kuma bar wani kaso na kuɗin lasin a tungar don man sintiri. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don raya yankunan madatsun lantarki, kuma hedkwatarta tana nan Minna, tana da hurumin taimakawa a irin wannan aiki.

Ga 'Yan'uwa Mazauna Kudu

Wannan magana ta shafi mutanenmu na Kurmi ta fuska biyu. Ta farko, masu sayar da banda a Mile 12 da Sabon Badun da Anaca sun fi kowa sanin yadda kwandon Yawuri da na Busa ya canja, manyan kifaye sun ragu, tarwaɗar kiwo da kifin ƙanƙara na ƙasashen waje sun cike gurbin. Alƙaluman da Gwamnatin Tarayya ta sha bayarwa a 'yan shekarun nan sun ce ƙasar nan tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Dillalin da ya ƙi sayen 'ya'yan kifi, ya kuma ƙi na guba, ya taimaki kasuwarsa ta baɗi.

Ta biyu, akwai Kabawa da Nufawa da sauran 'yan Arewa da suka biyo Kwara da jiragensu har ƙasar Ibo da fadamun Neja Delta. A waɗannan wurare tafkuna da ƙoramu da yawa mallakar dangi ne ko na gari, kuma akan ba da hayarsu na kaka guda. Baƙon da ya ga ruwa shiru babu kowa ya jefa taru yana iya jawo wa kansa da sauran Hausawan garin fitinar da ba a san ƙarshenta ba. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda ya baro a gida: ya nemi Sarkin Hausawan wurin ya kai shi ga masu ruwa, a yi ciniki gaban shaidu, a rubuta iyaka da kuɗi da ranar tashi, kowa ya riƙe kofi. Allah ya ba masunta sa'a, ya kuma kiyaye mu da sharrin ruwa.