Yadda Ake Neman Kuɗin Hanya

Tun 1976 da aka rushe En'e, hanyoyin ƙauye suna hannun ƙaramar hukuma, ita hakimi zai kai wa kuka. Amma cewa "talakawa suna shan wahala" bai isa hujja ba, gama kowace gunduma haka takan ce. Sai magatakarda ya rubuta tsawon hanyar, da kasuwannin da ta haɗa, da yawan hatsin da ake bi da shi da kaka, da watannin da ruwa yakan yanke ta. Sau da yawa kwalbati guda a bakin rafi ya fi kwalta amfani, ga araha. Lalle takarda ta isa tun ba a tsara kasafi ba, domin shekarar kuɗi takan fara ran 1 ga Janairu. Wadda ta makara sai baɗi.