Ko Ka Sani? Dawakin da Ke Cikin Injin Ban-Ruwa

Idan ka shiga Babbar Kasuwar Sakkwato sayen injin ban-ruwa ko na markaɗe, za ka ji mai shago ya ce, “Alhaji, wannan doki biyar da rabi ne.” Shin ka taɓa tambayar kanka wane doki ake nufi?

Labarin ya faro ne daga James Watt, wani injiniya ɗan Sikotlan da aka haifa a 1736. Shi ya gyara injin tururi, sannan shi da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suka shiga ƙera shi a birnin Birmingham na Ingila. A wancan zamani dawaki ne ke juya injinan niƙa da na janyo ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Don haka duk wanda aka yi wa tallar sabon injin, tambayarsa ɗaya ce: aikin dawaki nawa zai yi mini?

Wajen 1782 Watt ya lura da dokin da ke zagaye yana juya injin niƙa, ya lissafa nauyin da yake ja da nisan da yake ci a minti ɗaya. Da wannan lissafi ya tsayar da ma'aunin ƙarfin doki. A awon yau, doki ɗaya ya kusan daidai da ɗaga kilo 75 sama da mita ɗaya cikin sakan ɗaya. Wato ka cika jarka uku masu lita 25 da ruwa, ka ɗaga su tare zuwa ƙugunka, ka riƙa maimaitawa kowane sakan ba hutawa.

Wannan shi ne ƙarfin dokin aiki da ke wuni yana ja. Ingarman da ake sukuwa da shi ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi yana iya fitar da ƙarfin da ya haura doki goma, amma na ɗan lokaci kaɗan. Lafiyayyen mutum kuwa, in aikin wuni ne, abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na doki ba. Shi ya sa manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa, wanda kakansa ya sha fama da jigo a bakin kogin Rima, yake shayar da gonarsa cikin sa'o'i kaɗan da ƙaramin inji.

Bayan rasuwar Watt a 1819, masana sun karrama shi da sanya sunansa a ma'aunin wat, wanda kake gani a jikin ƙwan lantarki da farantin sola. Doki ɗaya wat 746 ne. Ƙaramar janaretar da ake kunnawa a shaguna, mai ba da wat 650 ko kusa da haka, ko doki ɗaya ba ta cika ba.

Sanin wannan na da amfani a gida. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, mutane da yawa na sayen na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi. Irin wannan na cin wat fiye da 1,000, kuma a lokacin tashi tana jan ninkin haka. Saboda haka, kafin ka jona ta da janareta ko sola, ka ninka dawakin da 746, sannan ka bar rara mai yawa.