Seagate: Sunan Da Ke Jikin Faifai Ba Shi Ne Ingancinsa Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfutar tebur ko na'urar naɗar hotunan CCTV, da wuya a ce bai ci karo da sunan Seagate a jikin faifan ajiya, wato HDD, ba. Kamfanin Amurka ne da ya fara aiki a 1979 a jihar Kalifoniya. Jagoran waɗanda suka kafa shi, Alan Shugart, tsohon injiniyan IBM ne. A 1980 suka fitar da ST-506, faifai mai faɗin inci 5.25 da ke ɗaukar megabayit 5 kacal, wanda a yau hoto ɗaya na wayar hannu zai iya cika shi. Kuɗinsa a lokacin dala 1,500.

Daga nan kamfanin ya yi ta haɗiye abokan gasarsa: Conner a 1996, Maxtor a 2006, sai sashen faifan Samsung a 2011. Yau kamfanoni uku ne kawai suka rage suna ƙera HDD a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba.

To amma tambayar mai saye ba ta tarihi ba ce. Shin yana ƙarko?

Masu gyara da yawa za su ce Seagate saurin mutuwa gare shi, kuma zancen yana da tushe. A 2009 wata matsala a manhajar cikin faifan Barracuda 7200.11 ta sa wasu suka wayi gari kwamfuta ba ta ganin faifan kwata-kwata, alhali bayanan suna ciki. Babban tabon kuwa shi ne samfurin ST3000DM001 mai terabayit 3, wanda ya cika kasuwa bayan ambaliyar Tailan ta 2011 da ta jawo ƙarancin faifai a duniya. Kamfanin Backblaze, mai ajiyar bayanai a intanet, ya saka sama da 4,000 daga cikinsu a 2012, kuma kafin 2015 fiye da 1,000 sun mutu. Har ƙara aka shigar a kotu a 2016. Sai dai a yi adalci: faifan kwamfutar gida ne aka ɗora wa aikin sabar dare da rana, an cusa su da yawa a akwati ɗaya suna girgiza juna.

Abin da wannan ke nunawa shi ne inganci yana bin samfur ne, ba sunan kamfani ba. BarraCuda na aikin gida ne. SkyHawk an yi shi don kamarorin tsaro masu naɗa ba dare ba rana. IronWolf na akwatin ajiya ne na ofis, Exos kuma na manyan cibiyoyin bayanai. Wanda ya saka BarraCuda a na'urar CCTV don rage kuɗi, ranar da aka fasa shago ita ce ranar da zai gano faifan ya daɗe da tsayawa. Sannan wasu BarraCuda na amfani da fasahar SMR, inda ake rubuta layukan bayanai suna hawa kan juna kamar kwanon rufi. Wannan na ƙara wuri da arha, amma idan aka daɗe ana zuba manyan fayiloli sai gudun ya faɗi ƙasa warwas.

Haɗarin da ya fi kusa da mai saye a kasuwanninmu shi ne tsohon faifai cikin sabuwar leda. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Jamus, Heise, ta bayyana yadda aka sayar wa mutane faifan Exos a matsayin sababbi, alhali sun yi aikin dubban awoyi. An goge lissafin SMART ne don ya nuna sifili. Abin da ya tona asirin shi ne wani rajista na biyu da faifan Seagate ke ajiyewa mai suna FARM, wanda ake karantawa da manhajar smartmontools. Idan hakan ya faru a Turai, ina ga inda kayan tokumbo suka fi yawa? Kafin biyan kuɗi, ya kamata a jona faifan a duba awoyinsa da CrystalDiskInfo, a kuma shigar da lambarsa a shafin garanti na Seagate a ga ko ta dace.

A wajen daraja, SSD ya riga ya ƙwace wurin ɗora Windows, don ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya tsoron jijjiga. Inda HDD ke cin kasuwa har yanzu shi ne yawan wuri a kan kuɗi kaɗan, shi ya sa masu ɗaukar bidiyon biki da masu tura finafinai ba su rabu da shi ba. Su ne kuma ɗauke wuta ba zato ya fi yi wa ɓarna, domin faifan na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi dab da fuskarsa. Ƙaramin UPS da faifai na biyu don kwafi sun fi sauƙi a aljihu a kan kuɗin ceto bidiyon bikin da ba za a sake yi ba.