Itatuwan da suka koma duwatsu: shaidar dazukan zamanin dinaso

A yankin Gundumi na jihar Sakkwato, da kuma gindin tsaunin Tigidit kusa da Ingal a Jamhuriyar Nijar, akan tsinci duwatsu masu siffar kututture, har da zanen ɓawo. Itatuwa ne na gaske, waɗanda suka rayu tun zamanin dinaso, manyan dabbobin nan da suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Masana ilmin duwatsu sun kasa wannan zamani gida uku: Tirayasik, daga shekaru miliyan 252 zuwa 201 baya, Jurasik, daga 201 zuwa 145, sai Kiretashiyos, daga 145 zuwa 66. A kashi biyun farko babu kuka, babu tsamiya, babu gawo, domin itatuwa masu fure ba su yaɗu ba sai cikin kashi na uku. Dogayen itatuwa dangin fain ne suka mamaye dazuka, tare da wasu gajeru masu kama da dabino.

Yaya itace ke komawa dutse? Idan ambaliya ta kayar da shi, yashi da laka suka binne shi, rashin iska kan hana shi ruɓewa. Sannu a hankali ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya ratsa ƙofofinsa, har ma'adinin ya maye gurbin itacen.

Wannan na nuna cewa inda Sahara take a yau, koguna da dazuka ne a da. A Gadafawa, gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan Nigersaurus, dinaso mai haƙora fiye da 500, wanda Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1999. Daga baya teku ta malalo ƙasar Sakkwato, ta bar ƙasusuwan Goronyosaurus, dabbar ruwa da ta ci sunan garin Goronyo.

Waɗancan dazuka sun ɗauki miliyoyin shekaru kafin su gushe. Namu kuwa, daga Jibiya zuwa Daura, gatari da buhun gawayi na cinye su a cikin rayuwar mutum guda. Ga wanda ya tsinci irin wannan dutse a gona ko wurin haƙar yashi, kada ya fasa shi ya yi tsakuwa. Ya sanar da gidan tarihi, domin abin da aka fasa ba ya sake haɗuwa.