3.4 Tatar Toka da Rarrabe Sinadarai ta Bututu

A wannan fasali za a yi bayanin dabarar da masana kimiyya ke kira kuromatogirafi, wato rarrabe sinadaran da suka cakuɗe ta hanyar bi da su cikin bututu. Domin sauƙin fahimta, za a kwatanta ta da tatar toka, aikin da aka sani a Toranke ta Ƙaramar Hukumar Ajingi kamar sauran garuruwan karkarar Kano.

Mai tatar toka takan sami tukunya mai huji a gindi, ta shimfiɗa ciyawa ko tsumma a kan hujin, ta zuba tokar kara, ta daddanna, sannan ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga cikin wani mazubi. Idan tokar ba ta dannu ba, sai ruwan ya sami hanya ɗaya ya zurare, ya fito salam ba ƙarfi. Irin wannan matsala ce ake gudu a ɗakin gwaje-gwaje.

Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Rasha, Mikha'il Tsvet, shi ne ya fito da dabarar. Ya fara bayyana ta a shekarar 1903, ya kuma raɗa mata suna a 1906. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya bi da ruwan ganye ta ciki, sai launuka suka rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban. A yau an fi amfani da garin silika. Ga yadda ake shirya bututun:

(a) A kafa shi tsaye sak, a toshe gindinsa da 'yar auduga, a zuba yashi kaɗan.
(b) A dama silika da ruwan narkarwa, kamar hekzen, ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, a zuba a hankali ana bubbuga bututun don iska ta fita.
(c) A bari ya kwanta, samansa ya daidaita, a ƙara yashi.
(d) A ɗora abin da za a rarrabe, a buɗe famfo, a riƙa tarar abin da ke ɗiga a kwalabe daban-daban.

Dalilin rabuwar shi ne, wani sinadarin yakan manne wa silika ƙwarai, saboda haka yakan yi jinkiri, wani kuwa ya fi bin ruwan, sai ya riga sauka. Misali, a ruwan ganyen zogale, karotin mai launin rawaya ke fara fita, koren ya biyo baya. A nan ne ayyukan biyu suka bambanta, domin mai toka so take ta wanko ƙarfin tokar gaba ɗaya, shi kuwa masani so yake kowane sinadari ya fito shi kaɗai.

Har ila yau, ba a barin ruwa ya ƙafe ƙasa da saman silika. Da zarar ta bushe sai ta tsage, abin da ya fara rabuwa ya sake cakuɗewa, a yi hasarar samfurin da aka daɗe ana haɗawa. Haka kuma ƙurar silika tana cutar da huhu, hekzen kuma yana saurin kama wuta. Fasali na gaba zai duba kalmomin da suka dace a fassara waɗannan kayan aiki da su.